Jar dara da bajon RWAFF a adakar kakanmu: na gaske ne, kuma in sayar?

"Assalamu alaikum Malam. Bayan rasuwar mahaifinmu mun buɗe wata tsohuwar adaka ta kakanmu, wanda aka ce ya je yaƙin Burma. A ciki akwai jar dara mai tuntu, da bajo na tagulla mai siffar bishiyar kwakwa an rubuta RWAFF a ƙasansa, da ɗan ƙyalle rawaya mai hoton baƙin gizo-gizo, da lambobin yabo uku, biyu masu siffar tauraro, ɗaya kewayayya, sai wani ɗan littafi da ya fara yagewa mai sunansa da lambarsa ta soja. Wani mai sayen tsofaffin kaya ya ce zai sayi bajon da lambobin, amma hular da littafin ba ya so. Yaya zan gane ko na gaske ne? In goge su su yi ƙyalli kafin in kai masa? Kuma kana ganin in sayar?" Daga wani mai karatu a Zariya.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinku da kakanku, ya kyautata namu zuwan. Tambayarka uku ce a dunƙule: mene ne waɗannan kaya, yaya ake tantance su, me kuma ya dace a yi da su. Kafin in shiga bayani ga abu biyu na gaggawa. Kada ka goge komai, kada kuma ka yarda a raba kayan. Littafin nan da mai sayen ya ce ba ya so, shi ne mafi daraja a duk adakar, domin shi kaɗai ne ya ɗaure sauran kayan da sunan mutum.

Rundunar da kakanka ya yi wa aiki

Haruffan RWAFF, wato Royal West African Frontier Force, taƙaitaccen sunan rundunar da Ingila ta kafa ne a ƙasashen da ta mallaka a Afirka ta Yamma, wato Najeriya, da Gold Coast wadda ta zama Ghana, da Saliyo, da Gambiya. Asalinta yana da alaƙa da mu ƙwarai. Tun 1863 wani hafsan sojan ruwa, John Glover, ya tara Hausawa a Legas ya ba su bindiga, aka riƙa ce musu Hausawan Glover. A 1897 aka ɗora wa Lugard aikin kafa runduna ta sosai, a 1914 kuma, da aka haɗe Arewa da Kudu, aka haɗe sojojin ɓangarorin biyu suka zama Nigeria Regiment. Shekaru da yawa Hausa ce harshen bariki, har hafsoshin Turawa sai sun koye ta. Sojojin Gold Coast ma kirarinsu da Hausa yake, "Kullum Shiri", kuma sojan ƙasa na Ghana bai yar da shi ba har yau.

Akwai abin da ba na ɓoye wa duk wanda ya zo mini da irin waɗannan kaya. Rundunar nan ita ce ta ci Kano a watan Fabrairu na 1903, ta ci Sakkwato a Maris, ta kuma bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi. Bayan shekara arba'in, 'ya'ya da jikokin waɗanda aka ci da yaƙi suka sa bajon nan suka tafi dajin Burma, wasu da son ransu, wasu hakimai da dagatai ne suka miƙa su don cika adadin da aka yanka wa ƙasarsu. Albashinsu da kuɗin sallamarsu bai kai na sojan Bature ba, ko kusa. Mai tara kayan nan ya kamata ya riƙe duka biyun a ransa: aikin wa aka yi, da kuma wahalar da mazan jiya suka sha a ciki.

Bajon tagulla

Rubutun da ke ƙasan bishiyar ya riga ya ba mu lokaci. Kafin 1928 sunan rundunar WAFF ne kawai, a wannan shekarar aka ƙara harafin R a gaba, alamar sarautar Ingila ta karɓe ta. A 1956 kuma, da Sarauniya Elizabeth ta zo Najeriya, aka sake wa sojojinmu suna zuwa Queen's Own Nigeria Regiment, a 1960 aka rushe RWAFF gaba ɗaya. Saboda haka bajonka, in na gaske ne, ba zai girmi 1928 ba, kuma ya dace da mutumin da ya yi Yaƙin Duniya na Biyu. In ka tarar da wani anini ko bajo mai kambin sarauta a adakar, shi ma yana faɗin zamani: mai zagayayyen kai na zamanin sarakuna maza ne, wanda tsakiyar samansa ya lotsa kuwa na Sarauniya ne, daga 1953 zuwa gaba.

Ni in aka miƙo mini bajo, ba na fara duba fuskarsa, juya shi nake yi. Yawancin bajon ƙananan sojoji da aka yi a Ingila bugu ne na inji: a sa siririn fallen tagulla tsakanin ƙarfe biyu a matse. Don haka in ka juya shi za ka ga bishiyar ta fito a baya ita ma, amma a rame, kowane reshe da kwarminsa, haruffan ma ana iya karanta su a birkice. A bayan akwai ko dai kunnuwa biyu na jan ƙarfe da ake zura wata 'yar waya mai baki biyu a ciki, ko kuma wani siririn harshe da ake soka wa hula. Dubi gindin kunnuwan. Likin dā tsaf yake, launinsa ya dusashe daidai da sauran jikin. In ka ga dunƙulen dalma mai toka-toka, ko dai gyara aka yi daga baya, ko kuma sabon aiki ne. Sannan ka kawo shi kusa da ido a hasken rana, ka dubi tsakanin rassan. Soja kullum cikin goge bajonsa yake don fareti, saboda haka wuraren da suka ɗago sukan side su yi sumul, a cikin lunguna kuma sai ka ga busasshen man gogewa fari-fari ya maƙale. Wannan sidewar ba ta zuwa bai ɗaya, inda yatsa ya fi bi nan ta fi ci. Mai yin jabu yakan tsufar da bajonsa da ruwan tsami ko ya binne shi a ƙasa, sai ya fito da duhu iri ɗaya ko'ina, har a wuraren da hannu ya kamata ya cinye.

Jabun da ya fi yawa zubi ne: a danna bajo na gaske a cikin yashi, a narka tagulla a zuba. Bayansa yakan fito a shafe ko da kaushi, da 'yan ramuka kamar na allura, haruffan sun dagule, kuma yakan ɗan fi na asali ƙanƙanta saboda ƙarfe yana tsukewa in ya huce. Sai dai a nan ake yawan zaluntar kaya masu kyau. Ba kowane zubi ne jabu ba. A lokacin yaƙi kaya sun yi ƙaranci, maƙera a kasuwannin Indiya sun zuba wa sojoji bajo da yawa, an kuma sa su a bakin aiki. Irin wannan na gaske ne, ko da bai kai na Ingila kyau ba. Haka kuma ganin sunan kamfani irin su J.R. Gaunt ko Firmin a baya ba hujja ba ce ita kaɗai, domin an ci gaba da buga bajo da tsofaffin injuna bayan yaƙi don sayar wa masu tarawa. Abin da ke raba gardama shi ne inda kaya ya fito. Bajon da ya kwana a adakar gida tare da littafin mai shi ya fi ƙarfin shakka, irinsa kuwa a tiren ɗan kasuwa shi kaɗai, sai an yi ta bincike.

Gizo-gizon nan ya fi bajon magana

Bajon kwakwa kowane sojan rundunar yana da shi, daga Gambiya har Maiduguri. Ƙyallen gizo-gizo kuwa na runduna ɗaya ne, ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a Najeriya a 1943 ƙarƙashin Manjo Janar Woolner. Gizo-gizon Ananse ne na tatsuniyoyin Ashanti, ɗan'uwan Gizonmu a wayo, kuma ana ɗinka shi a hannun riga yadda in soja ya ɗaga bindiga zai zama kamar gaba gizo-gizon ya nufa. Rundunar ta yi yaƙi da Japanawa a kwarin kogin Kaladan, cikin yankin Arakan, a 1944, a dajin da mota ba ta shiga. Daga jirgin sama ake jefo musu abinci da harsashi, sauran kuma a ka ake ɗauka. Shi ya sa 'yar'uwarta, runduna ta 82, ta ɗauki māsu biyu a gicciye a kan gammo a matsayin tambarinta. Masu dakon nan sojoji ne su ma, suna da lamba, kuma ba don su ba da tafiyar ba ta yiwu ba.

Wannan ƙyallen ya rage mana wuraren nema. Bataliya ta 1, ta 2, ta 3, ta 5, ta 9 da ta 10 na Najeriya duk suna cikin runduna ta 82. A cikin ta 81 kuwa, bataliya ta 4 tana birged ɗaya da 'yan Saliyo da 'yan Gambiya, sai bataliya ta 6, ta 7 da ta 12 waɗanda aka cire aka ba Janar Wingate, suka shiga cikin mayaƙan da ake kira Chindit, masu kutsawa bayan layin abokan gaba. Kai da kake Zariya ka san barikin Chindit, to daga nan sunan ya fito, kamar yadda Kalapanzin da Dalet a Kaduna, da Arakan da Myohaung a Legas, duk sunayen wuraren Burma ne. Kakanka yana iya kasancewa a ɗaya daga cikin bataliyoyin nan huɗu, ko cikin masu igwa, ko masu dako, ko ma'aikatan asibiti. Littafinsa ne zai faɗa. Dubi shafin da aka rubuta rundunarsa da muƙaminsa, farabiti ne ko kofur ko saje, da ranar ɗauka da ranar sallama. Lambar sojan Najeriya ta lokacin takan fara da haruffan NA, ta Gold Coast kuma da GC.

Wajen tantance ƙyallen, akwai wanda aka buga hoton da fenti, akwai wanda aka yi da zare, kuma duka biyun an sa su. Juya shi ka duba ko akwai ragowar zaren ɗinki a gefe, alamar an ɓamɓaro shi daga riga. In kana iya samun fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita, haska shi a ɗaki mai duhu. Yadin zamani yakan yi walƙiya, na dā kuwa shiru yake. Amma tsohon ƙyallen da aka taɓa wankewa da omo shi ma zai yi walƙiya, don haka kada ka yanke hukunci da wannan kaɗai. Wasu suna zare silin zare su ƙona, in ya zama toka na auduga ne ko ulu, in ya narke ya dunƙule na roba ne. Ba na ba ka shawarar wannan, tunda kayan gida ne ba na kasuwa ba, babu dalilin ɓarnata shi.

Darar

Ita ce mafi wuyar tantancewa, kuma ina jin shi ya sa mai sayen ya ƙi ta. Jar dara ba ta soja kaɗai ba ce, malamai da attajirai da masinjoji duk sun sa ta, ana kuma sayar da ita a kasuwa. A RWAFF kayan fareti ce, ana sa ta da kaki, da 'yar shara ja mai bakin rawaya, da jar ɗamara. Ba da ita aka shiga dajin Burma ba, can malafar soja ce mai faɗin baki da hular kwano. To in darar ta soja ce, tana nuna ko dai kakanka ya shiga aiki tun kafin 1939, ko kuma ya ci gaba da aiki bayan an dawo. Ranakun da ke littafin za su nuna wanne ne.

Dubi gabanta da kyau. In an daɗe da bajo a jikinta za ka ga 'yan huji biyu ko tsaga, kuma wurin da bajon ya rufe jansa zai fi na sauran jiki kauri, tunda rana ba ta ci shi ba. Ɗora bajonka a wurin a hankali, ba tare da ka soka ba. In kunnuwan sun yi daidai da hujin, inuwar kuma ta yi daidai da siffar bishiyar, to tare suka rayu. Leƙa ciki kuma ka nemi hatimi: lambar soja da tawada, ko shekara, ko wata alama mai kama da kan kibiya, wadda gwamnatin Ingila ke bugawa a kayan sojanta. Rashin hatimi ba ya nuna jabu ce, gumi da shekaru suna cinye tawada.

Ga 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, jar hular da za su tarar a gida ta sojan Faransa ce, tana da laushi, kuma alamar rundunar angar jirgin ruwa ce, ba kwakwa ba. Sojojin Ingila na Afirka ta Gabas su ma sun sa dara, masu talla a intanet kuma suna yawan cakuɗa su da namu.

Lambobin yabo

Daga yadda ka siffanta su, taurarin biyu ɗaya na 1939 zuwa 1945 ne, ɗaya kuma na Burma, mai ƙyalle ja a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe. Kewayayyar mai kan Sarki George na shida, in bayanta zaki ne a tsaye kan dodo, lambar yaƙin ce da aka ba kusan kowa. Ba azurfa ba ce, ko da ta yi kama. An buga waɗannan da yawan gaske, kuma galibi ba a rubuta sunan mai su a jiki ba, saboda haka su kaɗai kuɗinsu kaɗan ne a kasuwar masu tarawa. Na Yaƙin Duniya na Ɗaya da na yaƙe-yaƙen farko, irin mai ɗan ƙarfen da aka rubuta N. Nigeria 1903 ko 1906 ta yaƙin Satiru, su ne ke ɗauke da suna da lamba a gefe, kuma darajarsu daban take. Ka ga ke nan in aka raba taurarin kakanka da littafinsa, babu mai iya sake cewa nasa ne har abada.

Yadda za ka adana su

Man goge ƙarfe yana cin tagulla ne, kuma duhun da shekaru suka sa wa bajo yana cikin shaidarsa. Buroshi mai laushi, busasshe, ya isa ya kawar da ƙura. In ka ga kore-kore mai gari yana tsirowa, wannan tsatsa ce mai ci, ware bajon daga sauran ka ɗauke ta a hankali da tsinken sakace, kada ka kai masa lemon tsami ko toka. Kada ka wanke ƙyallen lambobin, kada ka sake musu sabo.

Abokan gabar hula a ƙasarmu asu ne da gara da kyankyaso, sai fumfunar damina. Cusa mata farin ƙyallen auduga wankakke don kada ta lotse, ka naɗe ta da wani, ka sa a kwali ko akwati da ke sama da ƙasa, nesa da bango. Kada ka ɗaure ta a leda, leda tana riƙe danshi. Kada ka cusa mata jarida, tawada tana zuba. In za ka sa kafur, ƙulle shi a tsumma a kusurwa, kada ya taɓa hular ko ƙarfen. 'Yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi suna da amfani. Buɗe akwatin a farkon damina da ƙarshenta ka duba, ka shanya a inuwa, ba a rana ba. Littafin kuwa kada ka kai shi a manne shi da roba mai zafi kamar yadda ake yi wa takardun makaranta, kada ka liƙa masa salatif. Ɗauki hoton kowane shafi da waya, ka sa shi cikin farar takarda a kwance. In kuma akwai tsohon harsashi ko wani abu mai kama da gurneti a adakar, kada kowa ya taɓa, a sanar da hukuma. Tsufa ba ya kashe su.

Maganar sayarwa

Da farko kayan nan gado ne, ba naka kai kaɗai ba. Baffanninka da gwaggwanninka da 'ya'yansu suna da haƙƙi, sai da yardarsu. Na biyu, mai sayen da ya zaɓi ƙarfe ya bar takarda, ko dai bai san sana'ar ba, ko kuma yana son abin da zai yi saurin juyawa ne. Masu tarawa na gaske a Ingila da sauran wurare sun fi neman kayan mutum ɗaya a haɗe, musamman na sojan Afirka, domin irinsu kaɗan ne suka tsira: namu yawanci gara ta ci, ko yara sun yi wasa da su sun ɓatar. Ba zan yanka maka farashi ba tare da na riƙe kayan a hannu ba, amma kuɗin da za a ba ka kan bajo da lambobi uku ba zai kai ya canza maka komai ba, kuma in sun fita ba za su dawo ba. Ra'ayina shi ne kada ka sayar.

In larura ta tilasta, a sayar da su gaba ɗaya, a bar hotunan komai a gida, a kuma ji farashi daga bakin mutum fiye da ɗaya. Kafin a aika da wani tsohon kaya waje a tuntuɓi Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, domin dokar 1979 ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba, su ne za su ce ko naka ya shiga ciki. Akwai kuma hanyar ba da su ajiya ga gidan tarihi, irin Gidan Makama a Kano ko gidan tarihin yaƙi na Umuahia, amma a yi a rubuce, a karɓi takardar shaida mai jerin kayan.

Abin da ya fi gaggawa shi ne tsofaffin gidanku. In akwai gwaggo ko baba da ya taso ya ga kakan, je ka da waya ka ɗauki muryarsa: me yake faɗa game da jirgin ruwa, da Indiya, su wa suka tafi tare daga unguwarku, wa bai dawo ba. Sunayen waɗanda suka rasu a can ana iya nemansu kyauta a shafin intanet na hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth, da yawansu an rubuta su a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangoon, wato Yangon ta yau. Ofishin ƙungiyar mazan jiya na jiharku ma wurin tambaya ne. Kai kuma ka turo mini hoton bayan bajon a hasken rana, da cikin hular, da shafin littafin da aka rubuta rundunarsa, daga nan zan iya gaya maka bataliyarsa da inda ta bi a Burma.